Gargaɗi ga kamfanonin inshora: kwana 30 muka ba ku ku biya diyyar haɗari

Daga direbobi, masu motocin haya, 'yan kamasho da 'yan kabu-kabu na tashoshin Baudeta, Tasawa da Mayahi, zuwa ga shugabannin kamfanonin inshora da wakilansu na jihar Maraɗi.

Mun rubuto ne kan haƙƙin mutanen da suka ji rauni ko suka rasu a haɗarin mota, wanda kuke riƙewa wata da watanni, wani lokaci shekaru. Mun bi ku da lalama, mun aiko dattawanmu, amsar dai ɗaya ce: takardu suna Yamai, a dawo wata mai zuwa. Haƙurinmu ya ƙare.

Ba mu muka ƙago inshora ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar inshora ta CIMA a Yawunde a 1992, kuma tun 1995 kundin dokarta ke aiki a ƙasar nan. Aya ta 200 ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. Aya ta 13 kuma ta ce sai an biya kuɗi a hannu kafin inshora ta fara aiki. Wannan ɓangaren kun iya shi sarai, ba ku ɗaga wa kowa ƙafa. Ranar da takardar inshora ta mutu, ranar jandarma zai tsayar da mota a kan hanya, fasinja su sauka su tsaya a rana. To, kundin da ya ba ku wannan ƙarfi shi ne ya ɗaure ku da wa'adi, kuma mun sa an karanta mana shi.

Aya ta 230 ta ce jami'an da suka yi konsta, wato binciken wurin haɗari, su aika wa kamfani rahoton haɗari cikin wata 3, ba tare da an roƙe su ba. Aya ta 231 ta ce kamfani ne zai nemi wanda ya ji rauni ya gabatar masa da tayin diyya, ko ya nema ko bai nema ba, kuma ta sa masa wa'adi daga ranar haɗari. Idan rai ya salwanta, magada su samu tayin cikin wa'adin da ayar ta sa. Wanda ya amince da tayi yana da kwana 15 da zai iya janyewa, bayan nan kuɗi su fito cikin wata guda. Jinkiri kuwa yana da tara, wadda doka ta ce ta hau kan kamfani da kanta. Ku nuna mana mutum nawa a ƙauyukan Baudeta kuka taɓa zuwa nema har gida da tayi a hannu.

Abin da ke faruwa a zahiri kowa a tasha ya san shi. Hiyas ta kife a hanyar kasuwa, ko babbar mota ta kwashe ɗan kabu-kabu a kan kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram. A kwashi masu rauni zuwa asibitin Tasawa, mai karaya mai tsanani a wuce da shi Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 100. Direba yana tsare. Mai mota, wanda takardar inshorarsa ke raye, shi ne zai sayar da tumaki da buhunan gero ya biya magani da hoton ƙashi, domin dangin majinyaci shi suka sani, ba su san ofishinku ba. Tashar ta yi karo-karo a kai gaisuwar mutuwa. Ku kuwa shiru, sai ka ce ba ku karɓi ko dala ba.

Idan magada suka yi ƙarfin hali suka zo, sai ku shimfiɗa musu jerin takardu: ta mutuwa, ta haihuwar kowane yaro, ta aure, ta gado, ta taron dangi. Mun yarda doka ta nemi waɗannan. Amma me ya hana ku faɗe su gaba ɗaya a rana guda? Yau a ce saura wannan, bayan wata biyu a ce saura waccan. Matar da ta fito daga takaba, da goyo a baya, wadda aka ɗaura aurenta a ƙofar gida ba tare da takarda ba, kowace tafiya zuwa kotun Tasawa ko Mayahi kuɗin mota ce da yinin gona da ta rasa. Ƙarshenta ta ce ta bar wa Allah. Mun san abin da kuke jira ke nan, kuma shi ya fi ƙona mana rai: kun mai da tawakkalin mutanenmu riba. Ƙaddara gaskiya ce, amma diyya ba ta saɓa wa imani. Marayu ba su da ikon yafe haƙƙinsu, kawunsu ma ba shi da ikon yafewa a madadinsu, shi ya sa dokar ta ce sulhun da ya shafi ƙaramin yaro sai da amincewar waɗanda doka ta ɗora wa kula da haƙƙinsa. Ga kuma wa'adin shekara 5 da idan ya wuce ƙara ta faɗi. Duk wanda ya ja marayu har lokacin ya cika, ya san abin da yake yi.

Akwai kuma maganar lissafi. Diyyar manomi ko ɗan tireda da ba shi da takardar albashi ana auna ta ne da albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa, wanda aka ɗaga daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Muna so a riƙa rubuta wa kowa yadda aka yi lissafinsa, a karanta masa da Hausa, kafin a miƙa masa takarda ya dangwala yatsa.

Ga abin da muke buƙata. Cikin kwana 30 daga ranar da wasiƙar nan ta shiga hannunku, kowane kamfani ya ba mu amsa a rubuce kan duk takardun haɗarin da suka shafi Tasawa da Mayahi waɗanda wa'adinsu ya wuce, ya biya waɗanda suka kammala tare da tarar jinkiri. Ku ajiye wakili a Tasawa mai ikon karɓar takardu ya ba da rasit mai kwanan wata. Wanda ya iya buɗe teburin sayar da inshora a bakin tasha, ya iya buɗe na biya. Muna kuma roƙon shugabannin jandarma da 'yan sanda su sa ido rahoton konsta ya fita a kan lokaci, ba sai an bi shi da kuɗin mai ba.

'Yan uwanmu na tasha, ku ma gargaɗin ya shafe ku. Duk wanda aka kama da takardar inshora ta jabu, ko yana lodin da ya wuce ƙa'ida, ko ya yi haɗari ya ɓoye bai sanar da kamfani cikin kwana 5 ba, ƙungiyarmu ba za ta tsaya masa ba, kuma zai rasa layinsa. Ba ma so a samu abin fakewa a kanmu.

Idan kwana 30 suka cika ba mu ga komai ba, ba za mu daina yankan inshora ba, domin doka ce. Amma za mu liƙa sunan duk kamfanin da ya ƙi biya a ƙofar kowace tasha, mu kwashe motocinmu gaba ɗaya zuwa wanda ya cika alkawari. Za mu haɗa takardun mu kai ƙara ga ofishin kula da inshora na Ma'aikatar Kuɗi a Yamai da hukumar sa ido ta CIMA da ke Libarbil, mu ɗauki lauya ɗaya ga dukan magada. Bayan haka za mu ajiye makullai na kwana 3 a tashoshin uku, in ban da motar da ke ɗauke da majinyaci.

An aika kofi ga Gwamnan Maraɗi, perfe na Tasawa da na Mayahi, hukumar gundumar Baudeta da sarakunanmu.

Wassalam.