Tana Ma Tana Da Rana

Duk wanda ya ratsa kasuwannin Lafia da damina ya san yadda ɓawon doya da na rogo da ruɓaɓɓen ganye ke taruwa a juji har su toshe magudanar ruwa. Ga kuma manoma na kukan tsadar takin zamani, musamman tun daga 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashinsa. A tawa fahimtar, wani ɓangare na maganin matsalolin nan biyu yana wurin halittar da muka raina, wato tana.

Mai karatu, tana ba ta da haƙori. Ƙundu gare ta kamar na kaza, inda take niƙa abinci da ƙwayoyin yashin da ta haɗiya. Shi ya sa ɗanyen abu ba ya burge ta, sai wanda ya fara ruɓewa. Kashin da take fitarwa shi ne takin tana, baƙi, mai laushi, ba wari. Tun a 1881 Charles Darwin ya rubuta littafi sukutum a kan aikinta a ƙasa.

To, amma fa ba kowace tana ke wannan aiki ba. Ta cikin gona ƙasa take ci. Wadda ake kiwo ita ce mai zama a saman juji, irin su Eudrilus eugeniae, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne. Abin takaici, ana kiwonta a Indiya ana samun taki, mu kuwa sai dai mu soka ta a ƙugiya.

Wanda bai san cimarta ba asara zai yi. Gishiri da mai da barkono da albasa da ɓawon lemo mai yawa suna cutar da ita. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, ɓawon rogo kuma da guba, dole a bar su su ruɓe tukuna. Da fatarta take numfashi, saboda haka zafin Lafia na watan Maris zai kashe ta in babu inuwa da danshi.

Tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa tana nan Shabu, amma ilimin yana kulle cikin Turanci. Mu ɗaliban Hausa ya kamata mu zauna da malamanta, mu tsara wannan bayani a takarda shafi guda, a riƙa karanta wa manoma a rediyo kafin faɗuwar damina.