Lambun Gida: Ki Auna Ruwan Kafin Ki Shuka

Uwargida, ruwan farko na ƙarshen Mayu mayaudari ne. Ƙasa ta yi ƙamshi, ki zuba irin kuɓewa da yakuwa, sai sama ta ɗauke mako biyu, tsiron ya ƙone. Ga iri ya yi tsada.

Ki samu gwangwanin madara mai miƙaƙƙen jiki, ki yanke samansa duka, ki kafa shi a fili, nesa da indararo da bishiya. Da safe ki tsoma rula. Milimita 1 na nufin lita 1 ta sauka a kan kowace murabba'in mita. In bai kai milimita 20 cikin kwana uku ba, ki riƙe irinki. Hasashen NiMet na yanki ne gaba ɗaya. Ruwan da ya jiƙa Talata Mafara ba lallai ya leƙo Damaga ba.

Zafi kuwa wayarki na nunawa. Da ya haura digiri 35, kamar a Maris da Afrilu, furen tumatir zubewa yake yi, shi ya sa manoman rani na Bakalori ke dasa shi da sanyin hunturu.

Rubuta awon ki bar wa ɗan firamarenki, zai so aikin. Ya riƙa zubar da ruwan kullum saboda sauro.