Kada a Toshe Hanyar da Ta Girmi Shinge

A karkarar Cotswolds, yamma da birnin Oxford na Ingila, gonaki sun rabu da juna da katangar duwatsu da aka jera ba siminti ba laka, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba. Can a wata kusurwa sai ka ga an kafa matakala ta katako, hawa biyu, tsakiyarta ta lotsa ta yi santsi saboda taku. A jikin turken an manna 'yar kibiya ruwan ɗorawa. Ka ɗora ƙafa, ka tsallaka, ka dira a cikin makiyayar wani bawan Allah da ba ka taɓa gani ba. Tumakinsa su ɗago kai su dube ka, su koma cin ciyawarsu. Ka bi sawun da ke gabanka har ka fita ta wancan ɓangaren, kuma ko mai gonar na tsaye ba shi da ikon ce maka koma. Irin waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales sun kai kimanin mil 140,000.

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a kansu, kuma mutane da yawa sun haɗiye ta ba tauna. Wai gona ta mai ita ce, masu yawon ƙafa 'yan birni ne da suka rasa aikin yi, su bar ƙofa a buɗe, su saki karnuka, su tattake shuka, don haka a rage hanyoyin, a karkatar da wasu, a bar sauran su mutu. Wanda ya tashi a gidan noma zai ji maganar ta kwanta masa a rai, domin babu manomin da ke son ganin baƙo a tsakiyar kunyarsa. Ni dai ban yarda da ita ba, kuma ina ganin cutarwarta ga manomi ta fi amfaninta.

Mu fara da tambayar wa ya riga wani. Yawancin hanyoyin nan mutanen ƙauye ne suka buɗe su da tafin ƙafarsu, shekaru aru-aru, suna zuwa coci, suna zuwa kasuwa, suna kai hatsi wurin niƙa. Shinge ne ya zo daga baya. A ƙarni na 18 da na 19 majalisar dokokin ƙasar ta yi dubban dokoki da suka kwashe filayen da talakawa ke kiwo a kai tare, aka killace su aka damƙa wa masu hali. 'Yar siririyar hanyar da ta ratsa gona ita ce abin da ya rage wa talaka daga wancan rabo. Wanda ya sayi gonar a yau, da hanyar a cikinta ya saye ta, yana ji yana gani, kamar yadda mai sayen gida ke sayensa da lungun da maƙwabta ke bi.

Kuma ba a sami amincewar hukuma a ruwan sanyi ba. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan matasa, galibinsu ma'aikatan masana'antu daga Manchesta, suka hau tudun Kinder Scout, wanda aka keɓe wa manya don harbin wani tsuntsu mai kama da makwarwa. Suka yi arangama da masu gadi. Aka ɗaure biyar daga cikinsu, har da jagoransu Benny Rothman. Mutanen da ke shaƙar hayaƙi kwana shida a mako, laifinsu shi ne neman iska a rana ta bakwai. Sai a 1949 aka yi dokar da ta kafa gandayen ƙasa, ta kuma umarci ƙananan hukumomi su zana kowace hanya a taswirar hukuma. Peak District, inda tudun yake, shi ya zama gandun farko a 1951. Cotswolds ta shiga jerin yankunan da doka ta kare a 1966.

To, ga abin da masu son rufe hanya ba sa son a tuna musu. An taɓa gwada abin da suke nema, ƙasa baki ɗaya, kuma kowa ya ga sakamakon. A watan Fabrairun 2001 cutar boru, ciwon baki da kofato, ta ɓarke a Birtaniya. Don gudun yaɗuwarta aka rufe kusan dukkan hanyoyin ƙafa na karkara, aka liƙa takardun gargaɗi a bakin kowace matakala. An kashe dabbobi sama da miliyan 6, aka tara gawarwakinsu ana ƙonawa, hayaƙi ya turnuƙe kwaruruka, har babban zaɓen ƙasar aka ɗaga daga Mayu zuwa Yuni. Manoma sun sha wuya ƙwarai, ba mai musun wannan, amma waɗanda aka kashe wa garke gwamnati ta biya su diyya. Mai ɗakin saukar baƙi fa? Mai shagon shayi a bakin hanya, mai motar haya, mai sayar da zuma da cuku? Su suka wayi gari ƙauye ya yi tsit, ba mai shigowa. Da aka zo lissafi, asarar da harkar baƙi ta tafka ta zarce ta noma nesa ba kusa ba. Da yawa daga cikin waɗannan masu ƙananan sana'o'i matan manoma ne da 'ya'yansu, waɗanda kuɗin kwanan baƙo ke cike musu giɓin shekarar da farashin rago ya faɗi. Shekarar nan ta nuna cewa mutumin da ke tafe da jaka a baya da taɓo a takalmi yana cikin masu riƙe da tukunyar gidan manomi.

Ba na cewa masu yawo ba su da laifi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Karen da aka saki cikin garke a lokacin haihuwa yana iya sa tunkiya ta yi ɓari ko da bai taɓa ta da haƙori ba, kuma manomin da ya tsinci gawar ɗan rago da asuba yana da dalilin fushi. Sai dai tun 1953 akwai dokar hukunta mai karen da ya firgita dabbobi. A yi aiki da ita, a ci tarar mai laifi yadda zai ji a jikinsa. Shi ma manomi doka ta gindaya masa nasa: idan ya nome hanyar da ta ratsa tsakiyar gona, yana da kwana 14 ya mayar da ita yadda za ta biyu, faɗinta aƙalla mita ɗaya. Kowa da nasa nauyi. Ba a rufe kasuwa don an kama ɓarawo a cikinta.

Akwai kuma batun kuɗi. Yankin da aka ce doka ta kare, da harajin jama'a ake kare shi. Daga aljihun direban bas na Birmingham da ma'aikaciyar jinya ta Bristol ake fitar da tallafin gyaran katangun nan da kula da makiyayan nan. Da wane baki za a karɓi kuɗinsu don a adana kyan wuri, sannan a ce su tsaya a bakin kwalta su hango shi? Ko bayan dokar shekarar 2000, wadda ta buɗe tuddai da wasu filaye, abin da mutum ke da 'yancin zagayawa a ciki bai wuce kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ba. Sauran duk sai ta waɗannan siraran hanyoyi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda hanya ke mutuwa ba da sanarwa ba. A bar ƙaya ta rufe matakala, a cire kibiyar, a sa kwaɗo a ƙofa shekara biyu, sai mutane su daina bi, sai a ce ai dama ba mai bi. Mu da muka ga yadda burtali ya riƙa tsukewa a ƙasar Hausa, kunya ɗaya bana, kunya ɗaya baɗi, har shanu suka rasa inda za su bi, mun san inda irin wannan cin iyaka ke kai al'umma. A 2020 ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Ramblers ta sa dubban masu sa kai suka gwada tsofaffin taswirori da na yanzu, suka gano sama da mil 49,000 na hanyoyin da ba su shiga rajistar hukuma ba. Kowace ɗaya sai an nemo hujjarta a tsofaffin takardu, an shigar da buƙata, an jira ƙaramar hukumar da ba ta da isassun ma'aikata ta duba. A nan ya kamata gwamnati ta zuba kuɗi da ma'aikata, tun tsofaffin da suka bi hanyoyin nan zuwa makaranta suna raye, suna iya nuna inda matakalar take.