Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

A wannan mako za mu yi magana ne a kan man canza launin fata, watau bilicin, da irin wahalar da yake ba malaman asibiti.

A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labarin cewa mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna shafa irin wannan mai. A 2023 kuma hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ta ce abin ya zama babbar matsala ga lafiyar ƙasa. Ƙasar Gana ma tun 2016 ta hana shigo da mai mai ɗauke da sinadarin haidirokwinon. Duk da haka har yanzu ana sayar da haɗe-haɗe a kasuwa ba suna ba takarda, har wasu iyaye suna shafa wa ƙananan yara.

To, ina ruwan nas da man da kike shafawa? Ki lura, idan kin je awon ciki ko kin kai yaro asibiti, kafin a ɗebi jini ko a rubuta magani, da ido da hannu take fara aikinta. Takan buɗe tafin hannunki, ta ja fatar idonki ta duba ciki. In ta ga wurin ya yi fari fat, ta san akwai ƙarancin jini. In farin ido ya koma rawaya, sai ta yi zaton shawara. Yaro mai gudawa takan tsunkuli fatar cikinsa ta saki, in fatar ta yi nawar komawa, ruwan jikinsa ya ƙare ke nan. Gashin yaro kuwa in ya yi ja, ya yi laushi yana zuba, alamar tamowa ce. Haka take rarrabe makero da ƙazuwa da ƙyasfi. Ita kanta kuturta da ɗan tabo mai haske take farawa, wanda in an taɓa shi ba a ji, kuma in an gane ta da wuri maganin wata 6 zuwa 12 yana warkar da ita, kyauta ake bayarwa.

Yanzu ki duba abin da bilicin yake yi wa wannan aiki. Tabo mai haske a jikin da aka riga aka ɗashe, wa zai gan shi? Da yawa daga cikin mayukan nan suna da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi. Shi yakan kwantar da ƙaiƙayin makero ya sake masa kama, alhali cutar tana ta yaɗuwa. Yakan sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, rauni ya daɗe bai warke ba. Ki tuna da wannan idan haihuwa ta zo da gardama har aka yi miki aiki aka ɗinke. In an daɗe ana shafawa yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Wasu mayukan kuma da zaiba a cikinsu, ita kuwa ƙoda take lalatawa, kuma tana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki.

Na san abin da ke tura yawancinmu: gorin dangin miji, da gasa da kishiya, da maza masu cewa sai fara. Ya kamata su ma a gaya musu gaskiya. Amma ciwo in ya zo, jikinki zai kama.

Saboda haka, 'yar'uwa, in nas ta tambaye ki me kike shafawa, kada ki ce mata man kaɗe ne kawai. Ki tafi da kwalbar ki nuna mata, ki faɗi tun yaushe kika fara. In kin daɗe kina shafa mai sitiroyid, kada ki yanke dare ɗaya, ki nemi likita ya nuna miki yadda za ki rage a hankali. Ranar awo a sassauta lalle da jan farce don a ga tafin hannu da farce sosai, a kuma cire wa yaro hula a duba kansa. Fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba, don Allah a bar musu launin da Allah ya ba su.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.