Tsiro mai cin ƙwari: kafin a zuba jari a rumfar leda

'Yan'uwa 'yan kasuwa, ana ta yawo da bidiyon wani tsiro a wayoyin hannu, wanda ganyensa ke rufewa kamar tarko ya danne ƙuda. Har na ji wasu na cewa in aka kawo shi kasuwar Arzeke ta Parakou, aka ce wa mutane maganin sauro ne, za a kwashi sefa. To, a yi hattara.

Wannan tsiro, wanda Turawa ke kira Venus flytrap, asalinsa fadamun jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu ne a Amurka. Ƙasar wurin ba ta da ƙarfi, shi ya sa yake neman abincinsa a jikin ƙwari. Ka sa masa taki, ko ka riƙa ba shi ruwan rijiya mai gishiri, sai ya ƙone. Ruwan sama yake so, kuma kowace shekara sai ya yi barcin sanyi na kusan wata 3. Sanyin hunturunmu bai kai nan ba, ga shi kuma busasshe.

Sai wani ya ce a gina masa rumfar leda. A Turai don tare sanyi ake gina ta. Mu kuwa zafi ne damuwarmu. A watan Maris a Djougou, rufaffiyar rumfar leda tanda ce, sai an haɗa ta da fanka da feshin ruwa, kuɗin wuta ya cinye ribar. A bar shi a fili kuma, iskar hunturu ta ƙarasa shi kafin Janairu ya fita.

In dole sai an gwada, gara irin mai tulu, Nepenthes, na ƙasan tsaunukan tsibirin Borneo, wanda ya saba da zafi da laima. Inuwar raga da randar ruwan sama mai kai mutum rani sun fi masa leda. Amma kaya ne da ba ya jure doguwar tafiya a bayan mota zuwa Malanville ko Chikanda. Mu ma fa muna da namu a Afirka ta Yamma, wani ɗan ƙarami mai danƙo da ake kira Drosera indica: damina ta fito da shi a fadama, rani ya kashe shi, babu wanda ya gina masa rumfa.

Batun sauro kuwa, ni a ganina yaudara ce. Tarkon ba ya rufewa sai an taɓa gashin cikinsa sau 2 cikin kamar daƙiƙa 20, kuma abin da ya fi kamawa tururuwa ce da gizo-gizo. Uwar da ta ajiye gidan sauro saboda maganarka, zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗanta, rumfarka za ta dawo.