Fitilun Ado a Lokacin Damina: Uwargida, Duba Wayar Kafin a Kunna

 

A wannan wata zan ja hankalinmu ne kan fitilun nan na ado masu launi-launi da ake jerawa a jikin waya, a rataya a ƙofar gida, ko jikin katanga, ko rumfar taro. Da wuya yanzu a yi biki, ko suna, ko walimar sauka, ko taron Maulidi, ba a ga an ƙawata wuri da su ba. Suna da kyau, ga araha, yara kuma na murna da su. Amma fa su ma wutar lantarki ce, kuma wuta da ruwa ba sa ga-maciji.

Abin da ya sa na ɗauko maganar yanzu shi ne lissafin watanni. A 2015 da 2016 Maulidi ya faɗo ne a watan Disamba, cikin hunturu, ƙasa a bushe ƙayau. Da yake shekarar Musulunci na gaza ta Bature da kimanin kwana 11, a 2024 ya zo a tsakiyar Satumba, a 2025 a farkon Satumba, na 2026 kuma ƙarshen Agusta ne, watan da ruwa ya fi sauka a Kano da kewayenta. Haka zai yi ta ja baya cikin Agusta da Yuli na wasu shekaru. Ke nan irin haɗin wayar da aka saba yi da rani a kwana lafiya, yanzu a ƙarƙashin ruwan sama za a bar shi. Bukukuwan aure da suna kuwa dama ba su san rani ko damina ba.

Me ruwa ke yi ne? Wutar da ke shigowa gidajenmu a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne. Busasshiyar fatar mutum tana ɗan tare wuta, amma da zarar ta jiƙe, wannan kariya na iya raguwa har ninki 100. Idan kuma mutum na tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba takalmi, jikinsa ya zama hanyar da wutar za ta bi ta shiga ƙasa. Wutar da ba ta isa ta kunna ƙwan fitila mai wat 60 ba, ta isa ta rikita bugun zuciya. Tana kuma sa hannu ya danƙe, shi ya sa wanda ta kama yake kasa sakin wayar. Yanzu ki tuna su wane ne ke fita tsakar gida da gudu, ba takalmi, da an ɗauke ruwa. 'Ya'yanmu ne.

Gyara na farko daga kasuwa yake farawa. Ba kowace fitilar ado aka yi don waje ba. Ki duba jikin kwalin ko 'yar takardar da ke manne da wayar, za ki ga haruffan IP da lambobi biyu. Lambar ƙarshe ita ce ta ruwa. IP20 ta cikin ɗaki ce kawai, ba ta da kariyar ruwa ko kaɗan. IP44 na jure feshin ruwa, IP65 kuma ta fi ta juriya. Wadda ba a rubuta mata komai ba, ki ɗauke ta a matsayin ta ɗaki. Ki kuma duba ƙarfin wutar da aka yi ta dominsa. Wadda aka kawo tsaraba daga Amurka, in an rubuta 120V a jikinta, ba ta dace da soket ɗinmu ba, ƙonewa za ta yi. Wadda ta fi kwanciyar hankali a gidan yara ita ce mai aiki da batir ko hasken rana, ko mai ɗan akwatin da ke rage wutar zuwa bolt 12 ko 24 kafin ta shiga jerin fitilun. Shi ma akwatin, in ba na waje ba ne, a cikin ɗaki za a jona shi. Kuɗin zai ɗan ɗara, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

In kuma tsofaffin na bara za a ciro daga ƙarƙashin gado, a warware su da rana, ba a jone ba, a bi wayar da hannu daga farko har ƙarshe. Duk inda ɓera ya ci, ko robar ta tsattsage, ko jan ƙarfen ciki ya leƙo, ko ƙwai ya fashe, to wannan ta gama aiki. Kada a ce Abba ya naɗe wurin da salatif. Salatif ba ya hana ruwa shiga, in ya sha rana da ruwa ma saki yake yi.

Haɗari mafi girma kuwa yana wurin mahaɗa, wato inda fulogi ya shiga soket, ko inda aka haɗa waya da waya. Estenshan ɗin da muke cajin waya da shi a falo ba a yi shi don tsakar gida ba. Sau da yawa sai a jawo shi waje, a ajiye a ƙasa, a ɗaure shi cikin baƙar leda a ce an kare shi. Ruwa na bin jikin waya ya gangara cikin ledar, ya taru, soket ɗin ya kwana a jiƙe. Abin da ya dace shi ne mahaɗar ta kasance cikin ɗaki ko zaure, ko cikin akwatin soket mai murfi da aka yi don waje, a sama nesa da ƙasa da hannun yara. A bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa. Kada a tura tsiraran wayoyi cikin soket a tokare da tsinken ashana. Kada a jona firji, da lasifika, da fitilu duk a kan siririyar waya ɗaya, zafi za ta yi ta narke.

Sai wurin ratayewa. Ƙofar ƙarfe, da ƙarafan kanofi, da rufin kwano, da igiyar shanya ta ƙarfe, duk suna ɗaukar wuta. Idan waya mai rauni ta taɓa ƙofar gida, ƙofar gaba ɗaya ta zama tarko ga duk wanda ya zo turawa, baƙo ko ɗan gida. Kada a kafe waya da ƙusa ko a matse ta a bakin ƙyaure, a ɗaure ta da igiya ko maɗaurin roba. A nisanta ta daga indararo, da kwata, da bakin famfo, da wurin wanke-wanke. Kuma kada a bar yaro ya hau tsani kusa da wayar da ta taso daga fal-waya zuwa gida.

Akwai wata ɗabi'a tamu da nake so mu bari. Sai a ce ai an ɗauke wuta, yi maza ka gyara kafin su kawo. Wutar ba ta sallama in za ta dawo, kuma wani na iya tayar da janareta bai san ana aiki ba. Ko da wuta ko babu, a zare fulogi tukuna. Haka nan da hadari ya haɗo a kashe a zare tun hannu na bushe, kuma kada a kwanta barci a bar su a kunne. Janareta ma yana son rumfarsa a waje inda iska ke kaɗawa. Kada ruwa ya sa a shigo da shi zaure ko kicin, hayaƙinsa na kisa cikin barci.

Ga abin da za ki roƙi maigida. Fis da bireka na yau da kullum waya suke karewa daga ƙonewa, ba mutum ba. Akwai wata na'ura da ake kira RCD, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ta ji tana zurarewa ta wata hanya, kamar jikin mutum. Ta gida ita ce mai alamar 30mA, tana kuma da maɓallin gwaji da ake dannawa bayan 'yan watanni a tabbatar tana aiki. Ƙwararren mai aikin wuta ne zai sa ta, irin wanda ke da shaidar hukumar NEMSA, ba yaron unguwa mai sukundireba ba.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, wuta ta kama wani, kada tausayi ya sa ki rungumo shi, ke ma za ta haɗa da ke. Ki kashe babban makunni ko ki zare fulogi. In hakan bai yiwu ba, ki tsaya a busasshen wuri da takalmin roba, ki ture wayar da busasshen katako ko taɓarya busasshiya. In ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ya nemo mota. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa, zai iya shaƙewa. Ko ya miƙe ya ce garau yake, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Gobarar lantarki kuwa ba a watsa mata ruwa matuƙar wutar na jone.

'Yar uwa, maza ne ke ratayawa su fita, amma ke ce ke wuni a gidan, ke kika san inda ruwa ke kwanciya da inda yara ke wasa. Don haka tun kafin ranar taro ki nuna wa kowa na gidan, har 'yar aiki, inda babban makunni yake. In kin ga haɗin da bai kwanta miki ba, ki ce a cire, ko da adon zai ragu. Yaran nan amana ce a hannunmu, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu, ya sa mu yi tarukanmu lafiya mu tashi lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.