Halowin a Ajin Yara: Ba da Kuɗinmu Ba



Ƙarshen Oktoba ya matso, wasu makarantun kuɗi a nan Legas sun fara turo wa iyaye takarda: a kawo kuɗin kabewa da fenti da baƙar riga, yara za su yi Halowin ranar 31 ga wata. Wai da haka hannun yaro ke faɗawa.

Ba mu ƙi wasan hannu ba. Ɗan shekara uku da taɓe-taɓe yake koyo kafin ya riƙe fensir. Amma me ya kawo ƙwarangwal da mayya cikin aji? Bikin nan daga Ayalan da Sikotilan ya taso, Amurka ta mai da shi kasuwa. Yaron da ya wuni yana zanen fatalwa, uwarsa ce za ta kwana rarrashi.

Mu da motar kara da 'yar tsana muka taso. A ba su laka da yashi da kwali, su gina, su ƙirga. Kabewa kuwa a bar mana ita mu yi miyan taushe.

Iyaye, mu halarci taron iyaye da malamai, mu ƙi biya baki ɗaya.